Dagaci ya ba ƙungiyarmu fili: mu sayi waya da dashe, ko mu raini kututturan da ke ciki?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki da hannunsu. Ƙungiyarmu ta ci gaban gari, a wani ƙauye da ke arewacin Jigawa, ta samu fili mai girman hekta 2 daga wajen dagaci, a bayan makarantar firamare. Faƙo ne da aka daina nomawa tun ina yaro, amma akwai kututturan sabara da kalgo da 'yan gawo da suke tofowa duk shekara, awaki suna cinyewa. Mun tara naira 850,000 daga karo-karon 'ya'yan ƙungiya da gudummawar 'yan garinmu mazauna Kano. Yanzu kan shugabanni ya rabu: wasu suna son a kewaye filin da waya a sayo dashe, wasu kuma sun ce a raini abin da ke tofowa, a kashe kuɗin wajen biyan mai gadi da koyar da ɗalibai. Babu ruwa a kusa, sai an yi tafiyar minti 20 da amalanke. Ranar Juma'a za mu yanke shawara.

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. Ku dasa mangwaro da gwaiba da lemon tsami, ku riƙa ban ruwa safe da yamma, bayan 'yan shekaru ƙungiya ta samu abin sayarwa. Ni na sayi dashen darbejiya a kan naira 200 kowane ɗaya, ɗaurin waya mai ƙaya kuma naira 28,000.

Malamar Firamare:
Malam Mai Lambu, ai ya ce babu ruwa a wurin. Farashin nan naka kuma ban san na wace shekara ba ne, domin da damina mun sayi darbejiyar a kan naira 500, wayar kuwa sama da 50,000 aka yi mana kuɗinta. Filin hekta 2, idan mita 100 ne a faɗi da 200 a tsawo, kewayensa mita 600 ne, layi huɗu na waya ya zama mita 2,400, ba a ma zo kan turaku da kuɗin aiki ba. Game da ɗalibai, abin da ya yi mana amfani shi ne mun ba kowane yaro ɗan aji biyar itace ɗaya, aka rubuta sunansa a jikin gwangwani aka rataya. Akwai yarinyar da take zuwa da ragowar ruwan alwalar kakarta a buta har lokacin hutu, kuma nata ne ya fi na kowa tsawo a yau.

Ɗan Maraɗi:
Ɗan'uwa, abin da ɓangare na biyu suke faɗa shi muke kira sassaben zamani a nan Nijar. Kututturen da kake gani saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta jiran buta. Za ka zaɓi tofo biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ka sare sauran da wuƙa mai kaifi, ka gyara rassan ƙasa, ka ɗaura ƙyalle domin a san yana da mai shi. A yankinmu aka fara yaɗa wannan dabara tun 1983, ta hannun Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, bayan dashen da ya yi ta yi ya mutu, kuma an ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. A Dan Saga da ke yankin Agiye, kwamitin gari ne yake tsaron itatuwan, har da mata da makiyaya a ciki. Inda faƙon ya yi tauri kuma ku haƙa ramuka masu siffar rabin wata domin su tare ruwa. Ku kula da gawon sosai, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya hana gero rana.

Tsohon Ma'aji:
Duk kuna maganar itace, babu wanda ya tambayi takarda. Ƙanena Sakatare, da baki dagaci ya ba ku filin ko a rubuce? Mu ma haka aka yi mana. Mai garinmu ya tara mu a ƙofar gidansa, ya ce ya ba mu tudun yamma da gari har abada, aka shafa fatiha. Shekara uku muna jigilar ruwa da jarkoki a kan babur, ni da kaina na sayar da tunkiyar matata na biya mai gadi wata biyu da kuɗin ƙungiya suka ƙare. Cikin dashe 600 mun tsira da kusan 200, sun kai tsawon mutum, har yara suna zama ƙarƙashinsu suna bitar karatu. Da Allah ya yi wa mai garin rasuwa, kwalta kuma ta biyo ta gefen tudun, sai muka wayi gari muka ga an kafa duwatsun awo an shafa musu jan fenti. Magada suka ce gonar gado ce, aro aka ba mu. Muka je ƙaramar hukuma, aka ce mu kawo shaida a rubuce, ba mu da ko ƙyallen takarda. Shaidun da suka shafa fatiha a ranar, biyu sun rasu, sauran kuma kowa ya ce ba ya son rigima da gidan sarauta. A mako guda aka sare itatuwan, aka yanka fulotai. Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne, wayarmu da muka saya da kuɗin karo-karo ita wani ya kewaye fulotinsa da ita, kullum ta nan nake wucewa zuwa kasuwa.

Injiniyan Gona:
Allah ya mayar da alheri, Baba. A ƙarƙashin dokar amfani da filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara, don haka maganar dagaci ita kaɗai ba ta wadatar ba. Amma ina roƙon a daina ɗora shawara a kan labarin mutum ɗaya. Ku rubuta wa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa mai yaƙi da kwararowar hamada, wadda aka kafa a 2015, tunda Jigawa tana cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu, ko kuma ofishin ACReSAL na jiharku, wato shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Aikin nan na masana ne, ya kamata a fara auna ƙasar kafin a taɓa komai.

Ɗan Maraɗi:
Injiniya, da girmamawa, mahaifina bai taɓa shiga aji ba, kuma gawo 40 ne a gonarsa, babu wanda aka auna wa ƙasa. Kai nawa ka raina da hannunka har suka wuce bakin akuya?

Injiniyan Gona:
Ban raina ilimin manoma ba, Malam. Amma ruwan samanku da dokarku ba irin namu ba ne. A Nijar an yi doka a 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina, a nan kuwa wa zai tsaya wa ƙungiya idan an sare?

Mai Shayin Tasha:
Ni dai shawarata ita ce a ba shugabar awakin garin kujerar mataimakiyar shugaban ƙungiya, tunda a ƙarshe ita ce za ta yanke hukunci a kan kowane dashe. A garinmu, ranar da aka yi bikin dashe da manyan baƙi, kafin motocinsu su hau kwalta awaki sun kammala nasu bikin.

Uwar Marayu:
Akuya ai ganye take ci, ba ta zuwa da inji. Mu masu gawayi ne suka gama da mu. Ɗorawar da ke gonar marigayi mijina, wadda nake samun kalwar daddawa a jikinta duk shekara, cikin dare aka kayar da ita, da safe sai rami da hayaƙi muka tarar. Ni ma da gawayin nake girki tunda gas ya fi ƙarfina, ba zan ɓoye ba, amma ɗanyar ɗorawa mai 'ya'ya?

Sakataren Ƙungiya:
Na gode ƙwarai da gaske. Baba Ma'aji, gaskiya da baki aka ba mu, kuma ban san ta inda zan tunkari dagaci da maganar takarda ba tare da ya ga kamar ba mu yarda da shi ba. Har yanzu kuma ban samu tsayayyen farashin waya ba, ko akwai wanda ya gwada shingen aguwa a madadinta?

Tsohon Ma'aji:
Hajiya, Allah ya isar miki. Buhunan gawayin nan da manyan motoci ake wucewa da su da rana tsaka, ta gaban shingayen bincike, kuma ban taɓa ganin an sauke ko buhu ɗaya ba. A bara tsamiyar bakin kasuwarmu ma haka ta tafi.