Yaya ake rage wa yaro riƙon waya ba tare da an ƙwace ta ba?

Maman Biyu, Gusau

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu sanin harkar waya da malaman makaranta ce. Yaro ne ɗan shekara 15, wayarsa Infinix, ba a son ƙwace ta saboda ta nan ake turo aikin gida a zauren WhatsApp na ajinsu. Amma TikTok na cinye masa dare, da asuba sai an yi da gaske kafin ya tashi. Wace hanya ce ke aiki? In akwai ta manya ma a haɗa mana, don mu ma ba mu tsira ba.

Mai Gyaran Waya, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu biyu ne mutane ke haɗawa, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko Digital Wellbeing, yana cikin saitin yawancin wayoyin Android tun daga Android 9. Zai nuna miki awa nawa aka yi a kowace manhaja, kuma a nan ake sa wa manhaja iyaka, misali minti 45. In lokacin ya cika sai hotonta ya dishe, ta ƙi buɗuwa. Aibinsa biyu: ba shi da lambar sirri, mai wayar zai iya cire iyakar cikin daƙiƙa goma, sannan ƙidayar tana komawa sabuwa da ƙarfe 12 na dare, daidai lokacin da kike son a yi barci. Wannan na babba ne mai son kama kansa, ba na yaro ba.

Na yaro shi ne Family Link na Google. Ki sauke shi a wayarki, ki shiga da Gmail ɗinki, ki haɗa da Gmail ɗin da ke kan wayarsa. Tunda ya wuce shekara 13 sai ya amince daga nasa ɓangaren, don haka a zauna a yi tare, ba a ɓoye ba. Daga nan ki sa abu uku: jimillar awannin yini, lokacin kwanciya (a ce 9:30 na dare zuwa 6:00 na safe, wayar za ta kulle kanta amma kira na shiga), da kuma neman izininki kafin a sauke sabuwar manhaja. Na ukun nan ne ake mantawa, kuma ta nan ɓarakar take. Kin rufe TikTok, sai ya sauke TikTok Lite, ko ya buɗe ta cikin Chrome ko Opera Mini. Wayoyin Tecno da Infinix kuma suna da wurin tagwaita manhaja, ki duba a goge kwafi na biyu. Ki hana saka manhajar da aka turo ta Xender. In wata rana wayarsa ta daina nunawa a wajenki, akwai yiwuwar an kai ta an yi mata filashin.

Mai iPhone kuwa Screen Time zai nema, ya sa lambar sirri mai lamba huɗu. Kada ta zama shekarar haihuwa, ita yara ke fara gwadawa.

Malamin Sakandare, Ƙaura Namoda

Bayanin mai gyara daidai ne, amma Hajiya kada ki jingina duka a kan saiti. Yaran yanzu sun fi mu sanin cikin wayar. Abin da ba su iya kaucewa shi ne inda wayar ke kwana da kuma wanda ke sayen data.

Wayar ta kwana a ɗakin iyaye, a can ake yi mata caji, a miƙa ta bayan sallar isha'i ko ƙarfe tara, a karɓa bayan an dawo makaranta. In sai an kai shagon caji saboda rashin wuta, a kai da rana, babba ya karɓo. Sau da yawa "na kai caji" yana nufin awa biyu a bakin shago ana kallo.

Sai data. Kamfanonin sadarwa na sayar da datar dare mai arha, wadda ba ta aiki sai dare ya raba, ta ƙare wajen asuba. Yaron da ke da kuɗi kaɗan ita zai saya, kuma dole ya raba dare don kada ta lalace. Saboda haka kada a ba shi kuɗi ko kati, ke ki saya masa ta mako daga wayarki. Da *323# ake duba ragowar data, da *310# ragowar kuɗi. A lura da *303# ma, lambar cin bashi ce. Layin dama da sunan babba yake, tunda a ƙa'idar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, sai ɗan shekara 18 ke rajistar layi, to mai layi na da hurumin dubawa.

Wani abu da ba a cika kawowa ba: rashin data ba ya hana kallo. Masu turi na cika memori da fina-finai masu dogon zango a kan kuɗi kaɗan. Jama'ar Zamfara sun ga haka a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan sadarwa, intanet babu amma kallo bai tsaya ba. A sa iyakar har a kan manhajar kunna bidiyo.

Kada dai a jefar da layin ko a ba wani. In lokacin JAMB ya zo da lambar waya ake buɗe rajista, kuma ana son ta zauna hannun ɗalibi har ya samu gurbi.

Ma'aikaciyar Jinya, Talata Mafara

Ta ɓangaren lafiya, lissafin barci za ki fara yi. Ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10, babba aƙalla 7. Wanda zai tashi 5:30 don asuba ya kamata 9:30 ta same shi a kwance. Kuma ba hasken gilashin kawai ke hana barci ba, har da abin da ake kallo: bidiyon da ba ya ƙarewa, da jiran wa ya amsa wa. A ajiye wayar awa guda kafin kwanciya.

Kada a sare gaba ɗaya rana guda. Ku duba matsakaicin awannin mako, in shida ne a koma biyar, mako mai zuwa huɗu. Kwanakin farko za a ga fushi da ƙunci, wannan yana wucewa. Amma in yaro ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ko yana firgita in saƙo ya shigo, a bincika, wataƙila wani ke tsangwamarsa ko yi masa barazana da hoto. Wannan ba maganar rage awa ba ce.

Na manya kuwa, Yaya, a kashe sanarwar kowace manhaja ban da kira. A sa wa zaurukan WhatsApp shiru na dindindin, na dangi da na biki da na 'yan aji, a ware lokaci biyu a yini na dubawa. A kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye. A mayar da fuskar wayar fari da baƙi da dare, sha'awar kallo na raguwa sosai. Mai sana'a ta waya ya rubuta lokacin amsa saƙo a WhatsApp Business, kwastoma na sabawa. Dokar ajiye waya a wurin cin abinci da bayan isha'i ta hau kan kowa, har maigida, in ba haka ba yaro zai ɗauke ta zalunci.

Maman Biyu, Gusau

Allah Ya saka da alheri. To ita TikTok ɗin ba ta da nata makulli?

Mai Gyaran Waya, Tudun Wada

Tana da shi. Tun 2023 duk asusun wanda bai kai 18 ba yana zuwa da iyakar minti 60 a yini, amma shi yaron ke sa lamba ya wuce. Mai ƙarfin shi ne Family Pairing, inda za ki haɗa asusunki da nasa ki riƙe iyakar a hannunki. Sai dai duk wannan ya dogara da shekarun da ya rubuta ranar buɗe asusun. In ya ce shi ɗan 25 ne, a wajensu babba ne. Ki fara duba nan, in ƙarya ya sa a rufe asusun a buɗe sabo da shekarunsa na gaskiya.