Kwana biyu a Alje: ana iya zagaya birnin da ƙafa?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Watan gobe in Allah ya yarda zan raka maigidana Alje, babban birnin Aljeriya, za mu duba injinan tatsar man gyaɗa. In an gama aiki zan samu Juma'a da Asabar. Ban taɓa ganin teku ba, iyakata Gulbin Maradi da kogin Yamai, kuma raina na son in taka garin da ƙafata maimakon in leƙa shi ta gilashin taksi. Wanda ya san wurin ya taimake ni, daga ina zan fara?

Malam na Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara huɗu na yi ina karatu a can, har yau ina kewar garin. Ana yawonsa da ƙafa, amma ka manta da shimfiɗar Maradi. Nan kana tashi daga babbar kasuwa har unguwar Zariya rairayi kaɗai ke damunka. Alje a jikin tudu aka gina ta, tana fuskantar Bahar Rum, kuma lunguna da yawa matakala ne zalla.

Saboda haka kada ka shiga Kasba, tsohon garin, daga ƙasa. Ka shiga taksi ya kai ka Bab Jadid can sama, kusa da tsohuwar fada, sannan ka gangaro a hankali. A fadar nan ne sarkin Alje ya bugi jakadan Faransa da mafici a 1827, Faransawa suka riƙe wannan hujja suka ci garin a 1830. Daga can kana hango fararen gidaje sun sauko kamar an zuba su, jiragen ruwa na ƙasa da kai.

Da ka shiga ciki sai teku ya ɓace maka. Wani lungun in ka miƙa hannuwa biyu za ka taɓa bango da bango, benayen sama an tokare su da itace har sun kusa haɗa kai. Akwai wata rumfar maƙerin tagulla da nake tsayawa kullum. Tsohon yana zaune a kan ɗan gajeren benci, faranti a cinyarsa, yana fitar da zane da ƙaramar guduma, ƙarar tana bin lungun kamar ta maƙeranmu. Ban taɓa wucewa bai ce in zauna ba. Ka kuma nemi gidan da sojan Faransa suka tarwatsa da bam a Oktoban 1957, inda Ali La Pointe, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Aljeriya, da abokan gwagwarmayarsa suka mutu. Ka tsaya ka yi musu addu'a. UNESCO ta sa Kasba cikin wuraren tarihin duniya a 1992, sai dai za ka ga gidaje da yawa sun tsage, wasu sun rushe, kuma abin yana taɓa zuciya.

A gindin tudun akwai masallacin Kecawa, wanda Faransawa suka mayar coci, ya dawo masallaci a 1962. Gaba kaɗan, bayan Dandalin Shahidai, ga tsohon Babban Masallaci da mumbarinsa ke ɗauke da shekarar 1097. In ka fara da sassafe za ka riski sallar Juma'a a nan. Bayan la'asar ka bi bakin teku har ginin babban gidan waya na 1910, ka haura titin Didush Murad inda ake shan kofi.

Maman Hadiza:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni abin da zan ƙara, ɗana, fasfonka ya kasance a jikinka kowane lokaci, da katin otel ɗinku. Ka san yadda ake kwaso 'yan uwanmu ana sauke su wajen Asamaka, kan iyakar Nijar da Aljeriya, don haka baƙin mutum ana iya tambayarsa takardu. Ni sau ɗaya aka tsayar da ni, na nuna, aka ba ni hanya. Ka sa takalmi sawu-ciki, duwatsun matakalar suna da santsi, ƙanwata ta zame da silifa ta kwana biyu tana ɗingishi. Ka riƙe rigar sanyi, iskar teku da yamma tana ratsa jiki. Safiyar Juma'a kantuna a rufe suke, can Juma'a da Asabar ne hutunsu, sai ka tanadi ruwa da burodi tun daren Alhamis.

Alhaji na Sabon Gari:
Ni ban yarda ya shiga Kasba shi kaɗai ba, Malam. Kai ka san lungunan, shi baƙo ne. Ya nemi ɗan unguwa ya yi masa jagora, kuma ya fito kafin magariba. Gidajen mutane ne, kada ya ɗauki hoton ƙofa a buɗe ko na mata. Ranar Asabar ya hutar da gwiwa, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa lambun Hamma da aka kafa a 1832, daga nan akwatin da ke tafiya a jikin igiya zai ɗaga shi zuwa Makamus Shahid, hasumiyar mita 92 da aka buɗe a 1982.

Malam na Ali Ɗan Sofo:
Na karɓi gyaran, Alhaji, jagora ya fi. Amma ya gaya masa tun farko ba sauri yake ba, don wasunsu awa ɗaya suke zubo ka ƙasa.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka muku da alheri iyayena. Na rubuta komai. Saura tambaya ɗaya: a ina zan iya sauka har bakin ruwan in sa hannuna ciki?

Malam na Ali Ɗan Sofo:
Tsakiyar gari tashar jiragen ruwa ta tare gaɓar. Daga Dandalin Shahidai ka nufi unguwar Babul Wad, ka wuce tsohon ginin da ake kira Bastiyon 23, za ka tarar da yara na iyo da masu kamun kifi a kan duwatsu.