Wai me ya sa ƙasashen da ba sa ga maciji suke haɗa kai a binciken rana?

Dan_Tauraro:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya ɗaure min kai nace bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a dace da masu sani. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa ina ta yawo a intanet, sai na faɗa wani shafi mai hotunan rana, ba zane ba fa, hoton gaske da kumbo ya ɗauko daga sama, har da lokacin da aka ɗauke shi a rubuce a ƙasa, kuma na ranar ne. Ba rajista, ba biyan kuɗi, kawai ka danna ka gani. Da na duba sai naga an rubuta wai kumbon na hukumar sararin samaniya ta Turai ne ESA da ta Amurka NASA suka haɗa.

To tambayata biyu ce. Na farko, waɗannan ƙasashen da kowa ke ɓoye fasaharsa kamar ransa, me ya sa in aka zo kan rana sai kaga kowa ya saki jiki ana aiki tare? Na biyu kuma me suke ci da nuna mana? an kashe maƙudan kuɗi an harba abu sannan a zuba wa duniya hotunan a banza, har ana roƙon mutane su zo su kalla. Ni dai nasan ruwa ba ya tsami banza. A fahimtar da ni don Allah.

Injiniya_Sani:

Wa alaikumus salam ƙanina. Amsar tambayarka ta farko mai sauƙi ce, dare ne ya tilasta musu. Duk ƙarfin ƙasa rana sai ta faɗi a wajenta, kuma masu binciken nan akwai abubuwan da suke aunawa da ba a so a yanke kallo ko na awa ɗaya. Shi ya sa tun 1995 akwai wani tsari da ake kira GONG, tashoshi 6 ne iri ɗaya sak aka rarraba: Kalifoniya, Hawayi, Ostareliya, Indiya, tsibiran Kanari na Sifaniya, sai Chile. Kafin rana ta faɗi a wannan ta fito a wancan. Amurka ce da shirin amma ba yadda zata yi sai da ƙasar wasu.

Su ma kumbunan haka ne. Duniya tana juyawa, in tasharka ta juya wa kumbon baya dole ka nemi wanda nashi kwanon ke fuskantarsa. Indiya da ta harba nata Aditya-L1 a watan Satumban 2023, tashoshin Turai sun taimaka mata wajen bibiyarsa, alhali ita da kanta ta ƙera kayanta.

Wanda ka gani ɗin ina kyautata zaton SOHO ne. A Disambar 1995 aka harba shi, Turai ta ƙera, Amurka ta harba, yana zaune kusan kilomita miliyan 1.5 daga nan ta ɓangaren rana. Shekara 2 aka tsara zai yi aiki. A watan Yunin 1998 ya ɓace musu gaba ɗaya, yana ta katantanwa a sama batir ya mutu, sai da aka yi amfani da ƙaton kwanon Arecibo na Puerto Rico aka gano inda yake, injiniyoyin ɓangarorin biyu suka yi watanni suna lallaɓa shi kamar mai jinya har ya farfaɗo. Abin da aka ce shekara 2 ya je ya haura 25.

Sannan akwai tsoro, wanda ni a ganina shi ne babban dalilin. Rana takan yi aman wani irin gajimare mai caji da maganaɗisu, in ya nufo mu yana ɗaukar kwana 1 zuwa 3 ya iso. In ya daki maganaɗisun duniya sai ya cusa wata wuta ta daban cikin dogayen layukan lantarki, turansifoma ta ɗau zafi. Ranar 13 ga Maris 1989 haka ya faru a Quebec ta Kanada, cikin kamar daƙiƙa 90 wutar lardin ta ɗauke, mutum kusan miliyan 6 suka yi awa 9 ba wuta. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam na Starlink 49, wata 'yar ƙaramar guguwar rana irin wannan ta kumbura iskar sama, kusan 40 daga ciki suka dawo suka ƙone. Ko a Mayun 2024 manoma a Amurka sun tsayar da shuka saboda GPS ɗin taraktocinsu ya rikice. Kuma duk waɗannan wasan yara ne akan ta 1859, lokacin da wayoyin tangarahu suka rinƙa tartsatsi suna jan ma'aikata. To abu ne da ba ya tambayar fasfo, kuma kumbon da ke gaba-gaba wanda zai faɗa maka ainihin ƙarfinta gargaɗin da zai baka ba ya wuce minti 15 zuwa awa ɗaya. A irin wannan wa zai tsaya ɓoye bayani?

Baba_Gaskiya:

Injiniya ka yi bayani amma ka shafa wa abin zuma da yawa. Haɗin kan nan yana da iyaka, kuma siyasa ce ke shata iyakar. Tun 2011 majalisar Amurka ta yi doka ta hana NASA aiki kai tsaye da gwamnatin China sai da izini na musamman. Me ya biyo baya? China ta je ta harba nata kumbon kallon rana a Oktoban 2022. Turai da Rasha sun yi shekaru suna shirin kai mota duniyar Mars tare, yaƙin Ukraine na ɓarkewa a 2022 aka watse, motar na nan a ƙasa tana jira. Ina 'yan uwantakar?

Batun nuna wa jama'a kuwa yaro ka yi gaskiya, ba banza ba. Kuɗin haraji ne suke ci, in talakan ƙasarsu bai ga hoto mai kyau ba gobe ɗan majalisa zai yanke kasafin. Kafin NASA ta harba kumbon binciken rana Parker a 2018 ce wa mutane aka yi su turo sunayensu, sama da miliyan 1 aka zuba a ɗan katin memori aka liƙa a jikin kumbon. Me sunanka zai ƙara wa kimiyya? talla ce kawai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake yi da ƙasashe masu tasowa. A kawo na'ura a girka a jami'a, a ɗau hoto ana musabaha, bayanan su rinƙa tafiya can, su rubuta takardun bincike da sunansu, in batir ko wani ɗan ƙarfe ya lalace shikenan ta zama kayan ado. Wannan ai gadi ne aka baka ba haɗin gwiwa ba.

Malama_Hauwa:

Baba ina gaisuwa, kuma maganar doka da yaƙi ba wanda zai musa maka. Amma ta ƙarshen nan ina da ja kaɗan. Su na'urorin ba alfarma aka yi wa kowa ba, buƙata ce ta kawo su. Can saman iska akwai wani sashe mai caji wanda saƙon GPS ke ratsawa, kuma inda ya fi yin hauka shi ne yankunan da ke kusa da ikwaita, musamman bayan faɗuwar rana. Mai zaune a Jamus ko Japan ba zai iya auna wannan daga gidansa ba ko nawa ya kashe. Shi ya sa a shekarar binciken rana ta duniya, 2007 zuwa 2008, aka dage wajen raba ƙananan na'urori, Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ciki, daga baya a 2009 aka ci gaba da shirin da sunan ISWI, wato shirin duniya na binciken yanayin sararin samaniya. Jami'ar Kyushu ta Japan ta baza na'urorin auna maganaɗisu, daga Suwizalan aka fito da wata 'yar rediyo mai sauraren rana CALLISTO, Stanford kuma ta yi wasu masu araha musamman don 'yan sakandare. Dama shekara 50 kafin nan an yi irinta a 1957 zuwa 1958, ƙasashe 67, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, a cikinta ma Tarayyar Soviet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. To in wurinka ne kaɗai ake iya auna abu ai kai ke da abin ciniki, ka ce a horar maka da ɗalibai, ka ce sunanka ya hau takarda. Inda aka yi shiru aka karɓi gadi laifin ya rabu biyu.

Shi kuma nuna wa jama'a, eh akwai talla a ciki, amma ni malamar fiziks ce kuma na ga abin da yake yi. A makon guguwar Mayun 2024 na fita da 'yan ajina waje da ƙaramin madubin hangen nesa, na kafa shi ya fuskanci rana, ba wanda ya sa ido a ciki, farar takarda muka riƙe a bayansa hoton rana ya faɗo a kai kamar faifai. Can gefe sai ga wani baƙin tabo. Wani yaro yace Malama datti ne a gilashin, nace to goge, ya goge da gefen rigarsa tabon na nan, muka juya madubin tabon bai juya ba. Sai na buɗe waya na nuna musu hoton kumbo na ranar, tabon nan dai a wuri ɗaya. Wallahi ajin da kullum sai na yi da gaske suke shiru, ranar har aka kaɗa ƙararrawa suna tambaya, da nace musu tabon nan ya ninka faɗin duniyarmu sau da yawa wata yarinya cewa ta yi ƙarya ne sai ta lissafa da kanta, kuma ta lissafa ɗin da rula. Da hoton nan na kuɗi ne ina zan samo shi?

Mai_Wutsiya:

Dan_Tauraro abokina ba kallo kaɗai suke so ka yi ba, aiki suke so ka taya su, hhhh. Shi SOHO ɗin yana da wata kyamara da ke rufe fuskar rana da ɗan faifai don a ga abin da ke kewaye da ita, to ashe taurari masu wutsiya ƙanana suna yawan faɗowa ta wajen, kuma masanan basu da lokacin bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Sai suka bar wa duniya. Yanzu an gano sama da 5,000 a hotunansa kuma mafi yawa mutanen gari ne suka gano daga ɗakunansu. Baba ga abin dariya, na cikon 5,000 ɗin a Maris 2024 wani ɗalibi ɗan China ne ya hango shi, doka ta hana hukuma amma bata hana yaro mai kwamfuta ba.

Ni na yi wata 4 ina gwadawa. Zaka sauke hotuna a jere ka rinƙa kunna su gaba da baya, kana neman wani ɗigo da bai kai ƙwayar yashi ba wanda ke tafiya a miƙe zuwa rana da gudu iri ɗaya a hoto bayan hoto, sauran ɗige-ɗigen duk hayaniya ce, su fito a hoto ɗaya su ɓace. Sau ɗaya na samu na gaske, hannuna har rawa yake ina rubuta lambobin wurin, ina turawa naga wani daga wata nahiyar ya riga ni da mintuna. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Kuma ko ka samu ba sunanka za a sa masa ba, SOHO ake kiransa da lamba, kai dai a rubuta cewa kai ka gano.

Haka ƙidayar tabon rana, cibiyar da ke haɗa ta a Beljiyam take, kuma da yawan masu tura mata rahoto kullum 'yan sha'awa ne masu ƙananan madubai a ƙasashe daban-daban. Da wannan ƙidayar ake bin zagayen shekara 11 da rana ke yi tana zafafa tana lafawa.

Baba_Gaskiya:

Wato aiki kyauta kake musu har kana rasa cin abinci. Allah ya kyauta. Malama na karɓi maganarki rabi, ta ciniki ɗin.

Dan_Tauraro:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba ni dai na shiga sahun masu aikin kyautar, Mai_Wutsiya waya zata iya ko sai kwamfuta? Sannan Malama ance akwai husufin rana babba a 2027, wannan dabarar takardar zata yi? ko tabarau baƙi ya isa?

Mai_Wutsiya:

Waya zata wahalar da kai, ɗigon ya yi ƙanƙanta. Nemi kwamfuta ko tsohuwa ce, ka rubuta Sungrazer Project zaka ga yadda ake farawa.

Malama_Hauwa:

A'a ɗana, ka rufa wa idonka asiri, tabarau komai baƙinsa ba ya yi, haka tsohon fim na asibiti ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ƙwayar ido bata jin zafi lokacin da take ƙonewa sai daga baya ka ga tabo a ganinka. Na husufin daban ne, zaka ga an rubuta ISO 12312-2 a jiki, kuma ko shi kar ka sa shi ka leƙa ta madubin hangen nesa. Takardar tana yi sosai, ko kwali ka huda da allura ka juya wa rana baya ka kalli inuwar. Husufin ranar 2 ga Agusta 2027 ne, zai bi ta kudancin Sifaniya da arewacin Afirka ya ratsa Saudiyya, a kusa da Luxor ta Masar duhun zai haura minti 6. Ƙungiyar Astronomers Without Borders takan tattara tabaran da aka yi amfani da su ta raba wa makarantu a wasu ƙasashe, ni na fara rubuta musu tun yanzu don kar a zo ana rububi.