Neman shawara: yadda zan share mataccen kod daga kanel ɗin GPU

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gaji wata manhajar koyon na'ura wadda aka rubuta kanel ɗinta (wato sassan kod da ke gudana a kan GPU, katin sarrafa hoto da lissafi) da CUDA, tsarin NVIDIA na rubuta kod domin katunanta, kuma wanda ya fara aikin ya bar mu tuni. A ciki na tarar da rassan kod da aka tanada domin tsofaffin katunan NVIDIA na zubin Kepler, da tsohon umarnin musayar bayanai na __shfl wanda __shfl_sync ya maye gurbinsa tun CUDA 9 a 2017, da kuma wasu kanel da ban ga inda ake kiran su ba. Mu dai katin A100 na NVIDIA muke amfani da shi. Ina so in tsabtace wurin, amma ina tsoron in cire abin da wani ke dogaro da shi ban sani ba. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Rassan Kepler ka share su kai tsaye, domin CUDA 12.0 ta daina tallafa wa waɗannan katunan tun 2022. Kada ka mayar da su sharhi (rubutun da na'ura ba ta gudanarwa) ka bar su a fayil. Git, manhajar adana sauye-sauyen kod, yana riƙe da tarihinsu. Sai dai kada ka sa ran gudun manhajar zai ƙaru, saboda nvcc, mai harhaɗa kod ɗin CUDA zuwa umarnin na'ura, da kansa yake zubar da layukan da ba sa tasiri a cikin kanel. Ribarka ita ce raguwar lokacin harhaɗawa da girman fayil, da sauƙin karatu ga wanda zai gaje ka.

Amsa ta biyu:
Malam, ni jan kunne zan yi. Abin da bai gudana a na'urarka ba, ba lallai ne ya zama matacce ba. Ka duba ko akwai rassan ROCm, wato takwaran CUDA na kamfanin AMD, domin katunan AMD irin MI200 suna tafiyar da zare (ƙananan ayyukan da ke gudana tare) 64 a gungu ɗaya, na NVIDIA kuwa 32, don haka reshen da kake gani ba shi da amfani shi ne yake riƙe da masu waɗancan katunan. Haka kuma wani kanel ɗin daga Python ake kiran sa, wani kuma sai bayanan da suka shigo sun kasance da wani nau'i na musamman. Nsight Systems, kayan bibiyar gudanar manhaja na NVIDIA, zai nuna maka abin da ya gudana a gwajinka kaɗai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne __syncthreads, umarnin da ke sa zaruruwa su jira juna kafin su ci gaba. Na taɓa cire guda ɗaya ina ganin maimaici ne, gwaje-gwaje duk suka wuce lafiya, sai bayan makonni sakamakon horarwa ya fara sauyawa jefi-jefi, saboda wasu zaruruwa suna karanta ma'ajiyar haɗaka kafin a gama rubutawa. Idan za ka taɓa irinsa, ka bi shi da compute-sanitizer, kayan gano kurakurai na NVIDIA, ka zaɓi racecheck, wanda ke gano irin wannan rige-rigen.

Amsa ta uku:
Akwai hujjar da ta fi zato. Kafin ka cire komai, ka fitar da umarnin na'ura da cuobjdump -sass ka adana, sannan ka maimaita bayan gyara. Idan na kanel ɗin da suka rage bai sauya ba, to abin da ka cire bai shafe su ba a katin da ka harhaɗa dominsa. Kowace cirewa ka yi ta daban, domin idan matsala ta ɓullo git bisect, umarnin Git na gano sauyin da ya jawo matsala, ya gano ta da wuri.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, lallai akwai rassan ROCm, kuma zan bar su har sai na tambayi masu amfani da manhajar. Da na Kepler zan fara gobe, in sha Allah.