Shawarwarin malaman kifi kan binciken ƙasan teku mai sanyi

A wata tattaunawa a Yawuri, malaman kiwon kifi sun ba wata ɗaliba mai shirin karatu a Norwe shawara kan binciken halittun ƙasan fiyod, kwaruruka masu zurfi da ƙanƙara ta sassaƙa, teku ya cike su. Sognefjord kaɗai, wani fiyod a Norwe, zurfinsa ya haura mita 1,300.

Wani dattijon malami ya ce: "'Yata, fara da ruwan kafin ki nemi dabba." A bakin fiyod akwai tudu a ƙarƙashi da ke tare ruwan ciki, har iska ta yi ƙaranci a can ƙasa. Dole a auna gishiri da sanyi da iskar shaƙa a kowane zurfi, in ba haka ba ƙidayar dabbobin ba ta da ma'ana. A kan wannan batu aka fi daɗewa, kuma a ganina nan ne gaskiyar aikin.

Inda laka take, a sauke ƙarfen damƙa na Van Veen mai ɗebo laka daga ƙasa, a tace ta da rariya mai ramin milimita 1, a maimaita sau da yawa a wuri guda. Bangon dutse kuwa sai kyamara a jikin na'ura mai nutso. Kada a ja koma a kan murjanin ruwan sanyi, don girmansa a shekara bai taka kara ya karya ba. Tun 1999 Norwe ta fara kare shi da doka.

An ɗan yi gardama kan adana samfur. Masu gwajin ƙwayoyin gado suka ce a adana shi a itanol, wato sinadarin barasa, domin fomalin, wani sinadarin hana ruɓewa, na lalata ƙwayoyin gadon.