Waɗanda aka yi wa ƙazafi: me ya riƙe bangaskiyarku?

Tsohon ma'aji, Zariya:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Shekara 7 ina riƙe da kuɗin baiko a ikkilisiyarmu, sai aka wayi gari an ce kuɗin gini sun yi ƙafa, dattawa kuma suka sa ni ƙarƙashin horo tun kafin su buɗe littafin lissafi. Wata 9 na yi a bencin baya, Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke tarayya a kai, yana wuce ni, waɗanda muka tashi tare a ƙungiyar mawaƙa suna kau da kai idan mun haɗu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, me ya riƙe shi?

Mama, 'yar zumuntar mata, Kafanchan:
Sannu, ɗana. Da maigidana ya rasu, danginsa suka ce ni na cinye shi, suka kwashe hatsin rumbu tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Bakina ya mutu, addu'a ta gagare ni, don haka kullum asuba sai in buɗe Zabura 27 in karanta da ƙarfi, musamman aya 12 inda Dawuda yake kuka a kan shaidun zur, har kalmominsa suka zama nawa. Matan zumunta ne suka ciyar da 'ya'yana a daminar nan, kwano bayan kwano.

Malamin makaranta, Gombe:
Mama, Allah ya ƙara haƙuri. Ni an zarge ni da sayar da takardar jarrabawa, aka sallame ni, kuma har yau ba wanda ya wanke ni. Duk wanda ya zo jaje sai ya kawo mini labarin Yusufu, ya ce gaskiya za ta yi halinta. Da na zauna na karanta Farawa 39 zuwa 41 a tsanake, ban ga inda matar Fotifar ta janye ƙaryarta ba. Mafarkin Fir'auna ne ya fitar da shi daga kurkuku, bayan mai miƙa wa Fir'auna abin sha ya manta da shi shekara 2 cur. Nabot kuwa, a 1 Sarakuna 21, shaidun ƙarya biyu suka sa aka jajjefe shi, bai ga ranar wankewa ba. Abin mamaki, wannan ne ya kwantar mini da hankali, domin na daina auna amincin Allah da wasiƙar da nake jira daga hukumar makaranta.

Tsohon ma'aji, Zariya:
Malam, maganarka ta shige ni. Ni an wanke ni, gama sabon magatakarda ya gano cewa an zuba kuɗin a wani asusun ikkilisiya bisa kuskure, amma sanarwar da aka yi ba ta kai minti ɗaya ba, ba kuma wanda ya taka ƙofar gidana. Fasto ya karanta mini 1 Bitrus 2:23, cewa an zagi Almasihu bai rama ba, na kuwa amsa da amin. Sai dai har yanzu idan dattijon da ya fara zargina ya miƙo hannu bayan sujada, nawa hannun yakan yi nauyi kafin in ba shi.