Shawarwari ga mai son nazarin rayuwar mata a Maroko

Wata ɗaliba ce ta tambayi yadda za ta fara bincike kan rayuwar mata a Maroko, waɗanda suka taɓa zama can kuwa suka yi ta ba ta shawara. Ga abin da na tsinta.

Bakinsu ya zo ɗaya kan harshe. Larabcin aji ba zai shigar da ita madafa ba, domin Darija, wato Larabcin mutanen Maroko, ake yi a gida da kasuwa, a ƙauyukan tsaunukan Atlas kuma harshen Amazigh. Wata ta ce sai da ta daɗe tana shan shayi da matan gidan da ta sauka kafin suka saki jiki da ita. Wannan ya fi komai kama ni, don mace ba ta buɗe cikinta ga baƙuwa mai biro da takarda.

Sun ce ta karanci Mudawwana, dokar iyali da aka gyara a 2004, wadda ta ɗaga shekarun auren mace daga 15 zuwa 18, ta kuma sa ƙarin aure sai da izinin alƙali. Amma alƙalai kan ba da izinin aurar da 'yan ƙasa da 18, saboda haka ta tambayi matan da suka je kotu da kansu.

Ta kuma nemi murshidai, mata masu wa'azi da gwamnati ta fara yayewa a 2006. Aikinsu ya tuna mini da 'Yan Taru na Nana Asma'u.

Sunayen matan kuwa, ta sakaya su.